Gara da Lamunin Gini a Ƙasar Gumel: Daga Azara Zuwa Takardar Garanti

Duk wanda ya taɓa gina gida a ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa Tasha har Maigatari da Sule Tankarkar, ya san abokan gaba biyu ne ke jiran gininsa tun kafin a aza tubalin farko: ruwa daga sama, gara daga ƙasa. Ruwa yana da lokacinsa, yana zuwa da hadari da tsawa a 'yan watannin damina, kowa ya gan shi ya yi shiri. Gara kuwa ba ruwanta da rani ko damina, ba ta sallama, kuma sau da yawa ba a sanin ta shiga sai ranar da katakon rufi ya karye ko damin gero ya koma ƙasa. A yau idan maigida ya ga alamarta, sai ya aika kasuwa a sayo magani a kwalba, ko ya kira mai feshi ya biya shi, a rabu ba wani alkawari. Tarihin gini a wannan yanki yana koyar da wani abu dabam. Kariya daga gara ba ta taɓa zama abin da ake saya sau ɗaya a huta ba. Lamuni ne da ke zaune kamar tukunya a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da shi: kayan ginin da gara ba ta so, duba gida kowace shekara, da mutumin da za a iya riƙewa idan aiki ya ɓaci. Shekaru kusan ɗari da suka shuɗe sun janye duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wata maganar garanti da ba ta mayar da su mazauninsu ba, takarda ce kawai.

Sanin gara ya daɗe a wajen mutanen wannan ƙasa, har a karatun allo da na zaure. Suratu Saba'i ta ba da labarin wata halittar ƙasa da ta ci sandar Annabi Sulaiman, tsira da aminci su tabbata a gare shi, malaman tafsiri suka ce gara ce. Littattafan sira kuma sun kawo yadda ta cinye takardar ƙauracewar da Ƙuraishawa suka rataye a Ka'aba. Manomi ya san zago mai gina suri, ya san shinge mai fukafukai da ke fitowa bayan ruwan farko yana neman inda zai kafa sabon gida, ya kuma san ƙananan da ba sa tara ƙasa a sarari ko kaɗan. Binciken da masana suka yi a Samaru da Mokwa a shekarun 1960 da 1970, irin su W. A. Sands da T. G. Wood, ya tabbatar da abin da manomi ya daɗe yana gani. Ƙananan nan, masu gidaje a warwatse a ƙarƙashin ƙasa, suna cikin masu yi wa amfanin gona ɓarna mafi girma, kuma ɓarnar da suke yi wa gyaɗa tana ƙaruwa ne yayin da aka nufi arewa inda ruwan sama ke raguwa. Wannan ya shafi jigawar Gumel kai tsaye. Ya kuma nuna iyakar tsohuwar dabarar tone suri a fito da uwar gara a kashe. Dabarar tana rage ƙarfin zago, amma ba ta taɓa garar da ba ta da suri. Ƙasar da gida ke zaune a kanta ba za ta taɓa rabuwa da gara ba har abada, don haka magabata ba su ɓata ƙarfinsu wajen neman ƙarar da ita ba. Sun nemi yadda za su hana ta abinci, su kuma gan ta da wuri.

Dutsen farko shi ne zaɓen kaya. Soron masu hali da na fada ana rufa shi ne da azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, musamman namijinta da ya tsufa. Azara tana da tauri da zare-zare masu ƙarfi, gara ba ta cika iya mata ba, shi ya sa idan soro ya rushe akan tsame azarar a sake aiki da ita, har gado ake rabawa da ita. Gajartarta ce ta haifar da fasahar ɗaurin guga da bakan gizo, domin azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta wuce kimanin mita biyu, sai magini ya jera ta hawa-hawa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, shaida ne cewa azara da ƙasa suna iya wuce shekara ɗari idan ana kula da su. Talakan ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar kuwa ba mai soro ba ne a yawancin lokuta. Ɗakinsa na jinka ne, katangarsa zana ce ko dangan kara, amma shi ma bai yi sakaci da zaɓe ba. Inda ake bukatar dirka mai daɗewa a cikin ƙasa, kirya ake nema, ko marke, ko gangar goruba, a kuma babbaka gindin itacen kafin a binne shi. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ƙara wa yaɓe da daɓe ƙarfi, ta rage tsagewar da ke ba ƙwari hanya. Abin da aka san gara za ta ci, kamar kara da gamba, an bar shi a matsayin abin da ake sabuntawa, ba a jingina rayuwar gida a kansa ba.

Dutse na biyu shi ne ido, kuma babu inda ya fi bayyana kamar a rumbu. Rumbu ba ya zama a ƙasa. Ana ɗora shi a kan duwatsu ko gumagumai masu tauri, a bar sarari a ƙarƙashi inda iska ke ratsawa, kaji ke shiga suna tsattsagar ƙwari. Gara ba ta son haske da bushewa, ba ta tafiya a fili sai ta lulluɓe hanyarta da laka. Duk mai rumbun da ya sunkuya zai ga wannan zanen laka yana hawa dutse, ya kankare shi, ya zuba toka. Haka ma ɗaki. Azara a buɗe take ga duk wanda ya kwanta ya kalli sama, jinka ana sauke ta a sabunta bayan 'yan shekaru, katanga kuma tana shan yaɓe kafin faɗuwar damina. Yaɓen shekara ana yinsa ne don ruwa, amma hannun da ke shafa ƙasa a bango shi ne ke jin inda bango ya yi kogo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin bazara gaba ɗayansa na toshe tsaga ne. Ba wanda ya kira wannan da sunan binciken gara, amma shi ɗin ne, ana yinsa a kan lokaci, ba a biyan kowa.

Dutse na uku shi ne mutum. A manyan birane irin su Kano da Zariya sana'ar gini tana da sarkinta, gidajen magina sanannu ne, ɗa yana gadon uba. A ƙananan garuruwa maginin ɗan gari ne, ana haɗuwa da shi a masallaci da kasuwa da wajen suna. Idan ya sa ɗanyen itace ko azarar da ba ta ƙosa ba, rufi ya lotsa bayan damina biyu, ba shi da wajen gudu, kuma mai unguwa ko dagaci na nan. Sunansa shi ne jarinsa. Wannan al'ada tana da gindi a fiƙihun Malikiyya da malaman yankin ke karantarwa daga Risala da Muhtasar. Mazhabar ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa ya tafi da su ya yi aiki, ta kuma ba mai saye haƙƙi idan ya tarar da ɓoyayyen aibi a cikin abin da ya saya. Game da gida ma an bambanta tsakanin aibin da ke sa a rage kuɗi da babban aibin da ke ba da damar warware ciniki. Ke nan tunanin cewa wanda ya yi aiki ko ya sayar yana ɗauke da nauyi bayan an biya shi ba baƙon abu ba ne da ya zo daga Turai. Ya riga kamfanonin feshi zuwa ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru.

Jirgin ƙasa ne ya fara girgiza wannan tsari. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sannan aka ja reshe daga Kano ta Ringim zuwa Nguru, aka kammala shi a 1930. Gagarawa ta samu tasha a kan wannan layi, garin da ya taso a gefen tashar ya ɗauki sunanta, ya bambanta da Gagarawa Gari. Ta nan gyaɗar ƙasar Gumel ta samu hanyar fita. Su kansu injiniyoyin Turawa sun sha fama da gara, kuma tana cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa dogo a kan ƙarfe maimakon katako a sassa da yawa na layukan Najeriya. Jirgin da ke fita da gyaɗa ba ya dawowa wayam. Yana kawo kwano da ƙusa da siminti da katakon kurmi, yana kuma kawo kafintoci da birkiloli daga wasu garuruwa. Garin tasha garin baƙi ne da 'yan haya da rumfunan awo, inda ake son gini ya tashi da sauri. Katakon kudu iri-iri ne. Akwai mai tauri irin loko da gara ke shakka, akwai fari mai laushi da araha wanda ya zame mata abinci, kuma mai saye a Arewa, da bai san itacen a tsaye ba, ba ya iya rabe su kamar yadda yake rabe kirya da gawo.

Abin da jirgi ya fara, kuɗin mai ya ƙarasa. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman da ya raya tashoshi, farin kuma ya kashe itatuwa da yawa a arewacin tsohuwar Jihar Kano. A daidai lokacin ne ƙarin albashin Udoji na 1974 da kwangilolin gwamnati suka mayar da bulo da kwano alamar ci gaba. Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, gine-ginen ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata suka ƙara yawa. Sabon gida ya zo da abubuwa uku da gara ke so. Bulo mai rami ya ba ta hanya a cikin duhu tun daga tushe har saman bango. Silin ya ɓoye katakon rufi daga idon maigida, ana iya shekara goma ba wanda ya leƙa. Daɓen siminti, idan ya tsage ko aka huda shi don bututu, ya zama ƙofa a tsakiyar ɗaki. Yaɓen shekara kuma ya mutu, domin an ɗauka siminti ba ya bukatar kulawa. Ɗan kwangila ya maye gurbin magini, ya gama aiki ya karɓi kuɗi ya koma garinsu.

An daɗe ba a ji zafin wannan rashi ba saboda guba ta rufe shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samu magunguna masu ƙarfi irin su aldirin da diyaldirin da kulodan da lindan. Manoman Arewa sun san Aldrex T na wanke iri da Gammalin 20. Gwajin da hukumar gandun daji ta Amurka ta yi ya nuna wasu daga cikin magungunan nan, idan aka zuba su a ƙarƙashin gini, suna hana gara fiye da shekara 30. Wannan daɗewar ita ce kuma aibinsu, domin ba sa ruɓewa, suna shiga ruwa da hatsi da nono, suna taruwa a jikin mutum. Amurka ta haramta kulodan a 1988, Ostireliya ta daina amfani da irinsu wajen gara a 1995. Yarjejeniyar Sitokhom ta 2001, wadda Najeriya ke cikinta, ta sa aldirin da diyaldirin da kulodan cikin sinadarai 12 na farko da aka amince a kawar, aka ƙara lindan a 2009. NAFDAC ma ta haramta su. Magungunan da suka maye gurbinsu, irin su fifironil da imidakulofirid, suna aiki, amma ba su da wancan dogon rai. Ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ke nema ga maganin zubawa a ƙasa shi ne ya yi aikin shekara 5. A garuruwanmu kuwa abin da aka fi gani shi ne shafa wa katako Solignum ko baƙin mai, sau da yawa a tsarma shi har ya zama launi kawai, ko a watsa fiya-fiya, wanda ke kashe garar da ke fili ya bar dubbai a ƙarƙashin ƙasa.

Abin lura shi ne inda ƙasashen da suka dogara da gubar suka koma bayan sun rabu da ita. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, inda gara ke ɓarna sosai kuma inshorar gida ba ta biyan ɓarnarta, kamfanonin feshi suna ba da garanti iri biyu. Na farko, idan gara ta dawo za su sake sa magani kyauta. Na biyu, mai tsada, za su sake maganin su kuma gyara abin da ta ci. Dukansu biyun sharaɗinsu ɗaya ne: a sabunta yarjejeniya, a zo a duba gidan kowace shekara, kuma akan iya miƙa garantin ga wanda ya sayi gidan. A Ostireliya ƙa'idar gini ta yarda da shingen ragar ƙarfe ko tsakuwa mai ƙayyadadden girma, da barin gefen kankaren tushe a buɗe domin a ga hanyar laka idan ta taso. Wannan ita ce dabarar rumbu a kan duwatsu, kuma duban shekara shi ne aikin bazara. Sun kai ga abin da maginin ƙasar Gumel ya sani bayan sun zagaya ta hanya mai tsada.

Mai karatu zai iya cewa wannan begen jiya ne kawai, domin gidajen da ma gara ta ci su, soraye sun rushe, rumbuna sun zube. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce wa mai iyali ya bar kwano ya koma jinkar da gobara ke lashewa cikin ƙiftawar ido. Amma a tsohon tsari ɓarna takan tsaya ƙarama saboda ana ganinta da wuri, kuma abin da ta ci ana samun madadinsa a gona. A sabon tsari ɓarnar tana girma a ɓoye, kuma rufin gida guda yana iya cinye ribar shekara ta manomin riɗi ko zoɓo. Wani zai ce giginya da kirya sun yi ƙaranci. Haka ne, amma darbejiya da aka shigo da ita Borno a 1928, wadda yanzu ta cika garuruwa da shingayen kare hamada na arewacin Jigawa, itacenta idan ya ƙosa yana da juriya daidai gwargwado. Ga kuma ƙarfen rufi ga mai hali, ga katakon da aka jiƙa a magani har ya ratsa shi. Ƙarancin azara dalili ne na dasa giginya da ƙara kula wajen zaɓe. Wani kuma zai ce gara halittar Allah ce mai amfani. Wannan ma gaskiya ne: tana buɗe ƙasa ruwa ya shiga, manoman Tawa da Illela a Nijar suna amfana da ita a ramukan tassa wajen farfaɗo da fako, mata suna ciyar da 'yan tsaki da ita, ƙasar suri kuma tana da kyau a gini. Hujjar ta ƙarfafa tsohon tsari ne, wanda ya tsare gida ya bar daji, saɓanin watsa guba ko'ina.

Suka mafi nauyi ita ce ta talauci da rashin tsari: ina kamfanin feshi mai rajista a Gagarawa Tasha, kuma wa zai bi takarda zuwa kotu a kan katako? Amsa ita ce lamuni bai taɓa dogara da kamfani ba. Kafinta da birkila da mai feshi suna da ƙungiyoyi da shugabanni a kasuwannin Gumel da Maigatari. Rubuta yarjejeniya da kafa shaidu abu ne da addini ya kwaɗaitar a kansa, kuma ana yinsa kullum a cinikin fili da gona. Kotunan shari'ar Musulunci suna sauraron irin waɗannan ƙararraki, dokar tarayya ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC ta kare haƙƙin mai saye da wanda aka yi wa aiki. Amma akasarin rigima ba za ta kai can ba, domin mai aikin da ya san sunansa na kan takarda a gaban mai unguwa ba zai tsarma magani da ruwa ba. Takarda tana mayar da abin da zaman gari ɗaya ke bayarwa a da, wato kunyar ido da tsoron zubewar suna.

Saboda haka maigida mai shirin gini ya tuna tun ran gini ran zane. A sa magani a ramin tushe da ƙarƙashin daɓe kafin a zuba kankare, domin bayan an gama gini aikin ya ninka wahala da kuɗi. A cike ramukan bulon layukan farko, a kwashe guntayen katako da saiwoyi daga filin, a bar ƙofar leƙawa a silin, kada a jingina kara ko itacen girki da bango. Wanda zai yi feshi ya nuna kwalbar a rufe da lambar NAFDAC, a rubuta sunan maganin da yawan da aka zuba da ranar aiki. A rubuta tsawon garanti, a fayyace ko sake feshi kaɗai ya ƙunsa ko har da gyaran ɓarna, a sa watan da zai dawo dubawa kowace shekara, shaidu biyu su sa hannu. Mai sayen gida ya hau silin ya ƙwanƙwasa katako kafin ya biya, mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah ya faɗi aibin da ya sani. Ƙananan hukumomin Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar su fara da kansu, su sa wannan sharaɗi a kwangilar kowane aji da asibiti, su riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai ginin ya ga damina biyu. Sarakuna da shugabannin masu sana'a su tsaya a kai, domin amana ce ta dukiyar jama'a da ta marayun da za su gaji gidajen nan.